Yahudawa da Umarnan Allah: Bangaskiyar da Ta Shiga Madafa da Gona

 

A kakar bara, muna zagayen ƙauyuka domin duba rumbunan ajiya na ikilisiyoyi, sai muka tarar da zumuntar mata suna nazarin Littafin Rut a gindin wani durumi. Da aka zo wurin da Rut take kala a gonar Bo'aza, wata tsohuwa ta juyo wajenmu ta ce, "'Ya'yana, ku da kuka yi boko, wai mutanen nan suna nan har yanzu, ko sun ƙare tare da Littafi? In suna nan, har yau suna barin kala?" Muka ce, "Mama, suna nan." Amma da ta ci gaba da tambaya, sai muka ga abin da muka sani bai taka kara ya karya ba. Muka yi mata alkawari za mu bincika, mu kawo amsa a rubuce. Alkawari kuwa kaya ne, ga shi yau mun sauke.

Babban abin da muka gano shi ne wannan: a wurin Bayahude mai riƙon addini, ƙaunar Allah aba ce da ake aikatawa da hannu kowace rana. Tana cikin abin da ya ci, da ranar da ya huta, da yadda ya biya ɗan ƙodago, da abin da ya bari a gona domin matalauci.

Su wane ne Yahudawa a yau?

Yahudawa su ne jama'ar da ke danganta kansu da Ibrahim, da Ishaku, da Yakubu. A ƙiyasin 2024 yawansu a duniya ya kusa miliyan 16. Fiye da miliyan 7 suna ƙasar Isra'ila, fiye da miliyan 6 suna Amurka, sauran kuwa suna Faransa, da Kanada, da Ingila, da wasu ƙasashe. Ba launin fata ɗaya gare su ba. Akwai waɗanda kakanninsu suka zauna a Turai, da na Maroko, da na Yaman, da na Iraƙi, da na Indiya. Akwai kuma na Habasha, baƙaƙe kamar mu. A watan Mayu na 1991 an kwashe fiye da 14,000 daga cikinsu zuwa Isra'ila a jiragen sama cikin kwana biyu.

Littafinsu mai tsarki shi ne wanda muke kira Tsohon Alkawari. Su suna ƙidaya littattafansa 24, domin suna haɗa wasu wuri ɗaya, amma abin da ke ciki ɗaya ne da littattafai 39 da yawancinmu muka sani. Mafi girma a cikinsu su ne biyar na farko, wato Attaura. A kowace majami'ar Yahudawa akwai naɗaɗɗen littafin Attaura wanda aka rubuta da hannu a kan fata, da Ibrananci. Rubuta guda ɗaya yakan ci shekara ko fiye, kuma in harafi ɗaya ya ɓace, ba a karatu da shi sai an gyara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara mu faɗi inda muka rabu. Yahudawa ba su karɓi Yesu a matsayin Almasihu ba, masu riƙon addini a cikinsu suna jiran zuwan Almasihu har yanzu. Ba su da Sabon Alkawari, ba su kuma yarda da koyarwar Triniti ba. Nufinmu a nan shi ne mu bayyana addininsu yadda su da kansu suke ganinsa.

Allah ɗaya, umarnai 613

Tushen bangaskiyarsu shi ne Allah ɗaya ne, shi ya halicci kome, ba a yin siffarsa. Suna girmama sunansa har ba su furta shi. In sun zo kansa a karatu, sai su ce Adonai, wato Ubangiji. A hira kuwa sukan ce Hashem, ma'anarsa "Sunan".

Sun gaskata cewa Allah ya fisshe su daga bauta a Masar tukuna, sa'an nan ya yi alkawari da su a Dutsen Sina'i, ya ba su umarnai. Saboda haka suna ganin kiyaye umarnan a matsayin amsar da suke ba wanda ya riga ya cece su. Kowane umarni suna kiransa mitswa.

Mu mun saba da Dokoki Goma. Amma wani malaminsu mai suna Rabbi Simlai, wanda ya rayu a ƙarni na 3 bayan haihuwar Almasihu, ya koyar cewa umarnan Attaura 613 ne. Daga ciki, 365 na "kada ka yi" ne, daidai da kwanakin shekara. Sauran 248 na "ka yi" ne, daidai da gaɓoɓin jikin mutum bisa ga ƙidayar mutanen wancan zamani. Darasin da malamansu suka ciro shi ne, babu ranar da ba ta Allah ba, babu kuma gaɓar da ba ta da aikin yi masa.

Babu mutumin da zai iya aikata dukan 613. Waɗansu na firistoci ne, waɗansu na sarki, waɗansu na manomi a ƙasar Isra'ila kaɗai, da yawa kuma sun dogara ga Haikali. Ba su kuma ce sauran al'ummai su ɗauki wannan kaya ba. A koyarwarsu, umarnai 7 ne suka hau kan dukan 'yan Adam tun zamanin Nuhu, kamar hana kisankai, da sata, da zina, da bautar gumaka, da kafa shari'ar gaskiya. Shi ya sa ba su fita wa'azi domin su juyo da mutane, ko da yake wanda ya nace yana so, akan karɓe shi bayan dogon karatu.

Da Haikali ya rushe

Wani zai tambaya, to, suna miƙa hadayu har yanzu? A'a. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, sojojin Romawa suka rushe Haikalin Urushalima. Tun da a can kaɗai aka yarda a yi hadaya, sai hadayu suka tsaya. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Malamansu da ake kira rabbi, ƙarƙashin jagorancin Yohanan ɗan Zakkai, suka taru a wani gari mai suna Yabne, suka koyar cewa addu'a, da nazarin Attaura, da ayyukan jinƙai za su tsaya a madadin bagade. Daga baya ma suka kwatanta teburin cin abinci na gida da bagade, musamman in an ciyar da baƙo da matalauci a kansa.

Bayanan da malamai suke miƙa wa almajiransu da baki, an tattara su wajen shekara ta 200 cikin wani littafi mai suna Mishna. Kashi 6 ne, na farkonsu kuwa sunansa "Iri", domin yawancinsa maganar noma ce. Muhawarar da aka yi ta yi a kan Mishna ita ce ta zama Talmud, wanda aka kammala mafi girmansa a Babila, wato Iraƙi ta yau, wajen shekara ta 500. Waɗannan littattafai su ne suke amsa tambayar "yaya za a yi?" Attaura ta ce a huta ranar Asabar, su kuma suka bayyana abin da ake kira aiki. Attaura ta ce a bar gefen gona, su kuma suka faɗi yawan abin da za a bari.

Daga wayewar gari zuwa kwanciya

Bayahude mai riƙon addini yakan soma yini da godiya ga Allah tun bai sauko daga gado ba, sa'an nan ya wanke hannu. Addu'o'in yini uku ne: safe, da la'asar, da dare. Safe da dare yana karanta Shema, wato ayoyin da suka fara daga Maimaitawar Shari'a sura 6, masu shaida kaɗaitakar Allah da kira a ƙaunace shi da dukan zuciya. Ita ce addu'ar farko da ake koya wa yaro, ita ce kuma mutum yake fata ta zama maganarsa ta ƙarshe.

A addu'ar safe ta ranakun aiki, maza sukan ɗaura waɗansu ƙananan akwatunan baƙar fata masu ɗauke da ayoyi, ɗaya a dantse kusa da zuciya, ɗaya a goshi. Sunansu tefilin. Sukan yafa mayafi mai tuntaye a kusurwoyinsa huɗu. A madogarar ƙofar gida akwai wani ɗan kwanso mai ayoyi a ciki, ana ce da shi mezuza. Wani zai gani ya ce laya ce. Malamansu sun yi gargaɗi kada a ɗauke ta haka. Aikinta tuni ne, domin mai shiga da mai fita su tuna da wanda suke bauta wa.

Akwai kuma gajerun kalmomin yabo na kowane abu: kafin cin gurasa, kafin shan ruwa, in an ji tsawa, in an ga bakan gizo, in an sa sabuwar riga, har bayan an fito daga bayan gida, domin godiya cewa jiki yana aiki daidai. Talmud ya ce mutum ya yi ƙoƙari ya yabi Allah sau 100 a yini. Waɗansu addu'o'in kuma ba a yinsu sai mutum 10 sun hallara, saboda haka kowa yana bukatar maƙwabcinsa.

Abin da ke cikin tukunya

Abincin da ya dace da doka suna kiransa kosha. Dokokin suna cikin Littafin Firistoci sura 11. Dabbar da za a ci sai ta zama mai rababben kofato, mai tuƙa kuma. Saniya, da tunkiya, da akuya sun shiga. Alade, da raƙumi, da zomo ba su shiga ba. Kifi sai mai ƙege da ɓawo a jikinsa, wato karfasa ta halatta, tarwaɗa kuwa a'a. Yanka sai wanda ya koyi aikin, da wuƙa mai kaifi ƙwarai wadda ba ta da ko ɗan gibi, don kada dabbar ta wahala. Bayan haka a jiƙa naman, a barbaɗa masa gishiri ya tsotse jinin, gama ba su cin jini.

Ba su kuma haɗa nama da madara. Mai kiyaye wannan doka ba zai ci tsire ya kora da fura da nono ba. Sai ya jira, waɗansu awa 6, waɗansu awa 3, gwargwadon al'adar gidansu. A gidajensu akwai tukwane da kwanoni kashi biyu, na nama dabam, na madara dabam.

Waɗansu sukan ce dokokin nan na kiwon lafiya ne. Malamansu da yawa sun ce dalilin ya wuce nan. Mutum yana cin abinci kullum, saboda haka kullum yana samun zarafin ya tsaya ya tambayi kansa ko abin nan ya gamshi Allah. Akwai ma koyarwar da makiyaya za su so: mutum ya ba dabbobinsa abinci tukuna kafin shi ya zauna ya ci.

Asabar, sarauniyar mako

A lissafinsu yini yana farawa da faɗuwar rana. Asabar takan shiga ran Jumma'a da yamma, ta fita ran Asabar da dare in taurari uku sun bayyana. Kafin rana ta faɗi, uwargida takan kunna kyandir biyu. An riga an share gida, an yi wanka, an gama girki. Bayan an dawo daga majami'a, iyaye sukan sa wa yara albarka, a yi addu'a a kan ƙoƙon ruwan inabi da gurasa biyu. Gurasa biyun tuni ne na manna da ake tara ninki biyu a rana ta shida cikin jeji.

Mishna ta lissafta ayyuka iri 39 da ba a yi a ranar. Goma sha ɗaya na farko, kowane manomi da matarsa sun san su: shuka, huɗa, girbi, ɗaurin dami, sussuka, shiƙa, tsince tsakuwa daga hatsi, niƙa, tankaɗe, kwaɓi, da gashi. Wato dukan hanyar da abinci yake bi daga gona zuwa baki. Sauran sun haɗa da saƙa, da ɗinki, da rubutu, da gini, da hura wuta. Saboda dokar wuta, masu tsananin riƙo a yau ba su tuƙa mota, ba su kunna lantarki ko taɓa waya a ranar. Ba ciniki, ba taɓa kuɗi.

Mu lura da waɗanda hutun ya shafa. Attaura ta haɗa da bara, da baranya, da baƙo, har da sa da jaki. Rana ɗaya cikin bakwai, maigida ba shi da ikon ya aiki kowa. Mai kuɗi da talaka duk sun ajiye fartanya.

Amma akwai abin da ya fi Asabar, shi ne ran mutum. Dokarsu ta ce in rai yana cikin hatsari, wajibi ne a karya Asabar. Mace mai naƙuda, a hura wuta, a ɗauko mota, a kai ta asibiti. Likita ya yi aikinsa. Wanda ya tsaya yana tambaya ko ya halatta alhali mutum yana mutuwa, malamansu sun ce shi ne mai laifi.

Rabon matalauci a gona

Yanzu mun zo kan tambayar Mama. Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 24 sun ba matalauci, da maraya, da gwauruwa, da baƙo rabo uku a gonar hatsi: gefen gona da ba a girbe ba, da zangarniyar da ta faɗi daga hannun mai girbi, da damin da aka manta. Mishna ta ƙara bayani dalla-dalla:

Gefen da za a bari kada ya gaza kashi 1 cikin 60 na gonar. In gonar babba ce ko matalauta suna da yawa, a ƙara.

In zangarniya ɗaya ko biyu suka faɗi, na mai kala ne. In uku suka faɗi tare, na mai gona ne.

Mai gona ba shi da ikon ya zaɓi wanda zai shiga, ya ce sai danginsa.

Masu kala ba su shiga da lauje, don kada su ji wa juna rauni a cikin rububi.

Ana buɗe gona sau uku a yini. Malamai sun bayyana dalili: da safe domin mata masu goyo, da tsakar rana domin yara, da yamma domin tsofaffi masu tafiya a hankali.

Abin lura shi ne, a idon doka wannan hatsi ba na mai gona ba ne tun farko. In ya girbe shi, ya ci haƙƙin wani. Mai kala kuma bai roƙi kowa ba, ya shiga ya yi aiki da hannunsa, ya koma gida da mutuncinsa.

A yau yawancin Yahudawa mazauna birni ne, matalauta kuma ba su cika bin gonaki suna kala ba. Amma abin bai mutu ba. A Isra'ila akwai wata ƙungiya mai suna Leket Israel, wadda ta soma aiki a 2003. Leket ita ce kalmarsu ta kala. Masu aikin sa kai sukan tattaro amfanin gona da ya ragu da abincin da ba a ci ba, a rarraba wa mabukata. Dokar hutun ƙasa a kowace shekara ta bakwai ma tana nan. An yi ta daga 2021 zuwa 2022, mai zuwa kuma daga 2028 zuwa 2029 ce, ko da yake malamansu sun sha bamban a kan yadda manomin zamani zai kiyaye ta.

Rabon matalauci a aljihu

Kalmarsu ta taimakon matalauta ita ce tsedaka. Kunnenmu ya san ta, domin tushenta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu "sadaka". Amma a Ibrananci ma'anarta adalci ne. Mai bayarwa yana biyan abin da ke kansa. An saba ba da kashi 1 cikin 10 na abin da mutum ya samu, an kuma hana wuce kashi 1 cikin 5, don kada mai bayarwa ya koma mai roƙo. Har wanda yake ci daga tsedaka, an ce shi ma ya ba da ɗan abin da ya iya.

Dokarsu ta tsara asusu biyu a kowane gari. Na farko akwatin kuɗi ne da ake rabawa kowace Jumma'a ga matalautan gari, abin da zai ishe su mako guda. Na biyu akushin abinci ne da ake rabawa kullum ga duk mai jin yunwa, har da matafiyi. Wanda yake da abincin yini biyu-biyu har na mako, wato ci 14, ba ya karɓa daga akwati. Wanda yake da ci 2 ba ya karɓa daga akushi. Kuɗin akwati kuwa, mutum biyu ne suke tarawa, mutum uku suke rabawa. Masu tarawa ba su rabuwa da juna a hanya. In ɗayansu ya tsinci kuɗi a ƙasa, ba ya sa shi a aljihunsa, sai ya jefa a akwati, ya cire daga baya, don kada mai gani ya yi zato. Wanda ya zo neman tufa, a bincika. Wanda ya ce yunwa yake ji, a ba shi tukuna. Talmud ya kuma ce a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da na Yahudawa, a gai da marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda zaman lafiya.

Wani babban malaminsu, Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Kordoba ta ƙasar Sifen, ya yi aikin likita a Masar har ya rasu a 1204, ya jera matakai 8 na bayarwa. Daga ƙasa zuwa sama:

8. Bayarwa da ɓacin rai.
7. Ba da abin da bai kai ba, amma da fara'a.
6. Bayarwa bayan an roƙa.
5. Bayarwa tun ba a roƙa ba.
4. Mai karɓa ya san mai bayarwa, mai bayarwa bai san shi ba.
3. Mai bayarwa ya san mai karɓa, mai karɓa bai san shi ba.
2. Babu wanda ya san wani.
1. A kama hannun mutum tun bai faɗi ba, da rance, ko jari, ko haɗa sana'a, ko samo masa aiki, har ya tsaya da ƙafarsa.

Saboda wannan mataki na farko, unguwannin Yahudawa da yawa suna da asusun rance marar ruwa har wa yau. Waɗansu ma kaya suke ba da aro, kamar kujeru, da kayan aure, da keken guragu.

Ba kaya mai nauyi ba ne?

Da yawa daga cikinmu mun tashi da tunanin cewa Yahudawa suna nishi a ƙarƙashin doka. In ka tambayi masu kiyaye ta, abin da za ka ji dabam ne. Kowace shekara, bayan Idin Bukkoki, in sun sauke karatun Attaura, sukan rungumi littattafan su yi ta rawa da waƙa, sa'an nan nan take su koma farkon Farawa. Malamansu sun kuma nanata cewa aiki yana bukatar niyyar zuciya. An ba da labarin Hillel, malamin da ya rayu gab da zamanin Yesu, cewa wani ya ce ya koya masa dukan Attaura yana tsaye a ƙafa ɗaya. Hillel ya nuna masa cewa kada ya yi wa ɗan'uwansa abin da shi ba ya so a yi masa, saura duk bayani ne, ya je ya koya.

Sun kuma san mutum yakan faɗi. Ranar Kafara sukan yi azumin kimanin awa 25, ba ci ba sha, suna tuba. Amma Mishna ta ce ranar ba ta shafe laifin da ka yi wa ɗan'uwanka sai ka je ka nemi gafararsa. Saboda haka kafin ranar, akan ga mutane suna biyan bashi, suna neman sulhu.

Ba dukan Yahudawa suke riƙo iri ɗaya ba. Waɗanda ake kira Otodoks su ne suke bin abin da muka bayyana filla-filla. Akwai masu ra'ayin gyara, waɗanda suka taso a Jamus a ƙarni na 19, sun fi ba da ƙarfi ga umarnan halin kirki. Akwai na tsakiya. Akwai kuma da yawa da ba su damu da addini ba sai lokacin idi. Haka kuma addinin Yahudanci dabam, gwamnatin Isra'ila dabam. Yahudawa da kansu suna gardama mai zafi a kan siyasarta.

Harshenmu

A bakin waɗansu, kalmar "Bayahude" ta zama zagi. Ya kamata mu san inda irin wannan magana ta kai mutane. An kori Yahudawa daga Sifen a 1492. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Hitila ta Jamus da masu taya ta suka kashe miliyan 6 daga cikinsu, har zuwa 2024 kuma yawansu bai koma yadda yake a 1939 ba. Shekaru aru-aru, waɗansu masu kiran kansu Kirista sun hura wannan wuta. A 1965 Ikilisiyar Katolika ta bayyana a fili cewa ba daidai ba ne a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yau, waɗansu ikilisiyoyi kuma suka yi makamancin haka. Mu tuna cewa Yesu da uwarsa Maryamu da manzanni duk Yahudawa ne. Mu da muka san zafin a yi wa mutum hukunci saboda addininsa, bai kamata a ji wannan zagi a bakinmu ba.

Amsar Mama

Mama, ga amsarki. Suna nan, kuma ba su manta da kala ba. Makonni 7 bayan Idin Ƙetarewa sukan yi Idin Makonni, wanda muke kira Fentikos. Idin girbin alkama ne, kuma a ranar suke tunawa da karɓar Attaura a Sina'i. Littafin da ake karantawa a majami'u da yawa a wannan rana shi ne wanda kuke nazari a gindin durumi, labarin baƙuwa gwauruwa da ta sami abinci a gefen gonar wani.

Domin tattaunawa a ƙungiyoyinku

1. A ƙauyenmu, su wa suke yin kala, kuma yaya masu gona suke karɓarsu?
2. Mutum nawa ne suke tara hatsin taimako a ikilisiyarmu, nawa ne suke rabawa? Akwai abin da zai kawo zato?
3. A cikin matakai 8 na bayarwa, a wanne muka fi tsayawa? Wa za mu iya ɗagawa da rance ko jari kafin damina?
4. Maƙwabtanmu da ba addininmu ɗaya ba suna samun rabo in yunwa ta zo?

Ku aiko mana da abin da kuka tattauna ta hannun pastonku ko ma'aikacinmu na yankinku. Allah ya ba mu girbi mai albarka, ya kuma tuna mana da gefen gona.